Kuɗin tauraron ɗan'adam: asara ce ko riba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a jihar Yobe, ina kuma taɓa noma. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ƙasar da yara ke karatu a zaune a ƙasa, taki ya gagari talaka, me ya kai gwamnati zuba kuɗi a harkar sararin samaniya? Ba gara a sayi magani da taki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, kuma ni da na shafe shekaru ina aiki da hotunan tauraron ɗan'adam nakan yi wa kaina ita.

Bari mu fara da abin da aka kashe. An kafa NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, a 1999, sannan a watan Satumba na 2003 aka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha, kan kuɗi kimanin dala miliyan 13. Ba duniyar wata aka je ba. Na'ura ce mai ɗaukar hoto da ke zagaya duniya, tana nuna inda ruwa ya malala, inda daji ya ƙone, inda hamada ke cin gona.

Dubi Indiya. A 1999 guguwar teku ta afka wa jihar Odisha, ta hallaka mutum wajen 10,000. A 2013 wata mai ƙarfi ta sake nufo wannan gaɓar, amma taurarinsu suka hango ta tun tana tsakiyar teku. Aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba. Ka lura, Malam, tauraron bai ceci kowa shi kaɗai ba. Akwai wanda ya karanta hoton, akwai rediyo, akwai mai shela da ya bi ƙauye-ƙauye, akwai motar da ta zo ta ɗebi tsofaffi da yara. Wane ɗan kasuwa ne zai gina wannan duka, alhali ba wanda zai saya masa gargaɗin ambaliya? Shi ya sa nauyin ke komawa kan baitulmali. Ko a Yamai, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel da irin waɗannan hotuna take bin damina da yaɗuwar fara.

Inda nake tare da kai kuwa, shi ne yadda muke yin namu. NigComSat-1, na sadarwa, da aka harba daga Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda farantansa na sola sun lalace. Inshora ce ta biya aka maye gurbinsa a 2011. Wannan bai dame ni sosai ba, kowace ƙasa tana irin wannan asarar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne NigeriaSat-2, wanda aka harba a 2011 da wa'adin shekara 7. Wa'adin ya cika, shekaru suka yi ta wucewa ba magaji. Injiniyoyinmu da suka koyo aiki a Ingila har suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu sun cancanci a ci gaba da ba su aiki. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta don bincike, mu ba mu ko kusa ba.

Na taɓa zama gaban kwamfuta ina kallon ruwa yana cika fadama kwana bayan kwana, na rubuta rahoto, ya kwanta a kan tebur har ruwan ya ci shinkafar mutane. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka in wakilinku ya zo gari, ka tambaye shi: hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wa ke kawo shi unguwarku da Hausa ko Barbarci kafin a yi shuka?