Harsashi ya shiga bindigar gado, amma ya dace da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka daga Tahoua. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini bindigarsa mai baki biyu, lamba 16 (ma'aunin faɗin bututunta ke nan), wadda ya saya a hannun wani Bafaranshe tun kafin 1960, kuma takardunta suna hannuna. Harsasan kwali da yake amfani da su sun ƙare tuntuni. Na samu na roba masu rubutun 70, na saka, suka shiga sumul, bindiga ta rufe. Na harba biyu a kan zabi, sai na ji dukanta a kafaɗa ya wuce yadda na sani, bakin kwanson kuma ya fito a yage. Abokan farauta sun ce tunda ya shiga babu komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba, domin ɗana ya fara bina daji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Malam, ka rataye bindigar nan, kada ka sake harba ta sai an karanta tamburan gwaji da aka buga a jikin ƙarfenta, domin kwanson da ya fito da baki a yage ya riga ya ba da shaidar da ta fi ta abokanka ƙarfi.

Ka cire katakon gaba, ka raba bututun da gindin bindigar, ka goge shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙarƙashin gurbin harsashi da ɗan mai. Idan ƙirar garin Saint-Étienne na Faransa ce, kamar Robust ko Idéal na kamfanin Manufrance da suka yawaita a ƙasashenmu zamanin mulkin Faransa, ka nemi haruffan PT, alamar cewa an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Idan ta Beljiyam ce za ka ga ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma abin nema shi ne hoton zaki a kan haruffan PV. Ta Ingila tana ɗauke da NP. Kusa da su akwai tsawon gurbi, wanda akan rubuta 65 (milimita) ko 6,5 (santimita) a tsofaffin bindigogin Faransa. Bisa shekarun da ka faɗa da kuma halin kwanson, ina kyautata zaton 65 za ka tarar.

Maganar "tunda ya shiga babu komai" kuwa, babu makon da ba na jin ta a wurin aikina a Yamai, har daga bakin dattawan maharba da ya kamata su fi kowa sani. Lambar 70 da ke jikin harsashi ba tsawonsa ba ne a yadda kake riƙe da shi a hannu. Tsawon kwanson ne bayan an harba, lokacin da naɗin bakinsa ya buɗe ya miƙe. Kafin harbi bai wuce milimita 60 da ƴan kai ba, saboda haka dole ya shiga gurbin 65 har da sauran wuri, kuma bindiga ta rufe ba gardama. Idan aka taɓa kunama, bakin kwanson yana neman milimita 70 ya buɗe, sai ya tarar da 65, ragowar ta kwanta a daidai inda gurbi yake tsukewa ya zama bututu. Ta wannan ƙuntatacciyar hanya toshiyar da ke tsakanin albarushi da ƙwayoyi, tare da ƙwayoyin dalma, za su kutsa, shi ya sa matsi yake ƙaruwa, kafaɗa take jin duka, robar take yagewa. A bindiga sabuwa mai kaurin ƙarfe wannan ƙari yana iya wucewa lafiya. Taka kuwa ta haura shekara 65, ta sha ƙurar hunturu da damshin damina, kuma tsatsa ta ci rabonta a ciki.

Mafi muni shi ne harsashi mai rubutun 76, wanda ake kira magnum. Hukumar CIP, wadda gidajen gwajin bindigogi na Faransa da Beljiyam da Ingila suke bin ƙa'idarta, ta yarda harsashin lamba 12 (mai faɗi fiye da 16) na yau da kullum ya kai matsin 740 a ma'aunin matsi da ake kira bar, na 76 kuma 1050. Ka tuna cewa iskar tayar mota ba ta kai bar 3 ba. Na ga masu lamba 12 suna danna na 76 a gurbin 70 suna murna wai sun samu mai kai nesa.

Sai mutum ya ce, ai na harba ɗari ban ga komai ba. Ƙarfe ba ya kuka kafin ya gaji. Kowane harbi da ya wuce ƙima yana buɗa gurbi kaɗan, yana sassauta makulli, har ranar da bututu zai yage, kuma sau da yawa a kusa da katakon gaba yake yi, inda yatsun hannun hagu suke. An taɓa kawo mini wata da gefenta ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa, mai ita yana rantsuwa cewa baki aka yi masa. Da na auna, gurbin 65 ne, aljihunsa kuma cike da harsasan 70 masu nauyin giram 36.

Haka nan gwajin da ake yi na ɗaure bindiga a jikin itace a ja kunama da igiya daga nesa. Abin da yake nuna maka kawai shi ne ba ta fashe a wannan harbin ba, kuma mai yiwuwa shi ne ya fara tsagar da ido ba ya gani. Gidan gwaji yana harbawa da harsashi mai matsin da aka sani, sannan ya auna bututun kafin da bayan harbi. Masu walda da ke cewa za su ƙwaƙule maka gurbi ya koma 70 kuwa, ka yi nesa da su. Suna rage naman ƙarfe a wurin da matsi ya fi yawa ba tare da sun auna kaurinsa ba, kuma idan suka sa wuta, dalmar da ta haɗa bututun biyu tana saki. Laya a gindin bindiga ba ta ƙara wa ƙarfe kauri.

Ka duba jikin bututun da kyau. Idan ka ga zane mai kama da igiyar ruwa ko murɗaɗɗiyar igiya, ƙirar Damas ce, wadda ake naɗe zirin ƙarfe a kan sanda a haɗe shi da wuta da guduma. Yawancin irinta an yi su ne don baƙin albarushi, kuma tsatsa tana ɓuya a tsakanin haɗin. Idan babu tambarin albarushi marar hayaƙi, shawarata ita ce ta zama abin tunawa da mahaifi a bango.

Idan tamburan sun cika, kuma wanda yake da ma'aunin kauri ya tabbatar cewa bututun bai yi siriri ba, babu rami ko kumburi, kuma ba ta girgiza idan an rufe ta, to ka nemi harsashin lamba 16 mai rubutun 65 ko 67, mai ƙwayar dalma, mai sauƙin nauyi kamar giram 24 zuwa 28. Wannan ya ishi zabo da fakara. Ka guji mai ƙwayar ƙarfe, domin yana karce tsohon bututu, yana kuma kumbura shi a wajen baki inda ya tsuke. Na san samunsa yana da wuya a nan, sai an sa dillalin da ke da izini ya yi oda an jira, amma wuyar samu ba ta canza tsawon gurbi.

Kafin kowace fita ka karya bindigar ka leƙa bututun biyu ta wajen haske, saboda zanzaro yana son gina gidan laka a bindigar da ta daɗe a rataye, kuma toshewa irin wannan tana fasa har sabuwa. Ka koya wa yaron wannan tun kafin ka koya masa saiti. Ka aiko mini da hoton tamburan da na kwanson da ya yage, a ɗauka da rana, in karanta maka su ɗaya bayan ɗaya.