Hukuncin bashin katin banki idan ya kai gaban kotu a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin gadi a unguwar Bronx ta birnin New York. Lokacin da matata ta yi jinya na ci bashin dala 4,000 da katin banki, yanzu da kuɗin ruwa da tara ya kai 6,500. An kawo mini sammaci, an kuma ce za a iya yankar albashina. Wasu abokai sun ce tunda kuɗin riba ne in yi watsi da takardar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba iyalinka lafiya, Ya yaye maka wannan ƙunci.

Katin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa idan an yi jinkirin biya bai halatta ba, kuma haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Riyad a 2000. Sai ka tuba, ka daina amfani da shi, ko da yake ina fatan larurar jinya ta zama uzuri gare ka wurin Allah.

Amma shawarar abokanka kuskure ce babba. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 279, masu bin bashi suna da uwar kuɗinsu, ba su zalunta, ba a zalunce su. Dala 4,000 ɗin nan ka karɓa ka kashe, tana wuyanka, kuma kasancewar masu ita ba Musulmi ba ne bai sauke ta ba. Abin da aka ɗora a kai ba haƙƙinsu ba ne, don haka ka nemi kuɓuta daga gare shi ta kowace hanya ta gaskiya. In ka yi iyakar ƙoƙarinka kotu ta tilasta maka biya, zunubin yana kan mai karɓa.

Shi ya sa nake ganin amsa sammacin wajibi ne a kanka. Wanda ya yi shiru, hukunci ake yankewa a bayan idonsa, da uwar kuɗi da ruwa gaba ɗaya, ya zama da hannunsa ya ƙara wa kansa ribar da yake gudu. A kotun farar hula ta New York kwana 20 ake bayarwa in an damƙa maka takardar hannu da hannu, 30 in ta wata hanya ta iso. Ka duba ranar, ka nemi lauyoyin da ke taimakon marasa hali kyauta. Ya halatta ka buƙaci mai ƙara ya kawo hujjar bashin da lissafinsa, musamman da yake sau da yawa wani kamfani ne ya saye shi, sannan ka nemi sulhu a kan uwar kuɗin, biya kaɗan-kaɗan, a rubuce. Abin da ba zan yarje maka ba shi ne musun bashin da ka san ka ci, ko ɓoye abin da kake samu. Ko da kotu ta kori ƙarar saboda wa'adin shigar da ita ya wuce, uwar kuɗin ba ta faɗi a Shari'a ba.

Yankan albashi kuwa sai bayan hukunci. Dokar tarayya ta hana a wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji, a New York ma galibi kashi 10 ne na albashin gaba ɗaya. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce a bar wa wanda bashi ya cinye abin da zai ci da iyalinsa, saboda haka kada ka ji nauyin bayyana wa alƙali kuɗin haya da na abinci. In abin ya gagara, kana cikin waɗanda bashi ya cinye, da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata cikin masu cin zakka, ka gaya wa limamin masallacinku a taimaka maka daga zakka.

Allah ne Mafi sani.