Tambaya da Amsa: In sayi gida a Jidda da sunan abokina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Alhaji. A Karantina aka haife ni, can na yi aure na haifi 'ya'ya huɗu. Da aka rushe unguwar muka koma wani tsohon bene a Aziziyya. Masu benen 'yan ƙasa ne, sun tashi sun koma arewacin gari, sun bar mu da ofishin haya. Maƙwabtanmu mutanen Pakistan ne da Yaman da Habasha, ba mai jin Hausa. Sau biyu ana ƙara mana kuɗin haya, mahaifiyata kuma kullum cikin kewa take. Wani abokina, Bahaushe mai takardar ɗan ƙasa, ya ce in kawo kuɗina ya saya mini gida da sunansa. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi. Bari in faɗi wannan tun da farko, don na san halina, idan na fara zancen Karantina ba na tsayawa.

A ƙasar nan gida na wanda sunansa ke jikin sakki ne, wato takardar mallaka. Ban ce abokinka maci amana ba ne. Amma rai ba a hannunsa yake ba. Ranar da ya faɗi ya mutu, gidan ya shiga gado, kuma magada ba su san wata yarjejeniya da kuka ƙulla a kan tabarma ba. Idan bashi ya hau kansa, da gidanka za a biya. Kai kuma ina za ka kai ƙara, alhali abin da kuka yi ɗin ma zagaye doka ne? Kayan aro ba ya rufe katara.

Ai kai ma ganau ne. Tun daga ƙarshen 2021, da aka fara fesa jan fenti a bangaye ana rubuta "ikhla", wato a tashi, aka bi unguwannin Gulel da Petromin da Karantina da Sabil da Kandara da Nuzla Yamaniyya. A nan sunan abin "izala", wato rusau. Wani baƙona daga Jos da ya ji ana cewa izala ta iso unguwarmu, ya zaci masu wa'azi ne. Da aka zo biyan diyya, ɗan ƙasa mai sakki ya samu kuɗin fili da na gini, marar sakki kuɗin gini kawai, ɗan haya mai igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, shi kuwa ya kwashi katifarsa. Shekara arba'in a ɗaki ɗaya ba ta zama hujja ba. Takarda aka duba.

Game da maƙwabta, ina ganin ka ɗan manta tarihi. Jidda ta daɗe tana tafiya arewa. An rushe ganuwarta a 1947, unguwanni suka ɓulla a wajenta. A 1981 filin jirgi ya bar Kandara ya koma arewa, masu hali suka bi shi, yau ga su har Abhur. Duk gidan da suka bari, baƙo ne ke shigarsa. Haka kakanninmu suka samu wurin zama, waɗanda suka yiwo gabas da ƙafa ta Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, da alhazan da suka zo daga baya suka ƙi komawa. Ita kanta Karantina daga wurin killace alhazai ta samo sunanta. Mu ma an taɓa kallonmu ana cewa Takari sun cika unguwa, ga su yanzu sunan Hausawi ya kai har gasar cin kofin duniya ta 2018 a bayan rigar 'yan ƙwallon Saudiyya. Ɗan Pakistan ɗin da ke saman benenku bai ƙwace maka komai ba. Shi ma haya yake biya, wataƙila su shida a ɗaki, tunda kuɗin da aka ɗora wa iyalan baƙi daga 2017, wanda ya kai riyal 400 a wata kan kowane mutum, ya sa da yawa sun mayar da matansu gida. Abin da ya tsadantar da haya shi ne dubban iyalai sun fito neman ɗaki a lokaci guda.

Abin yi: ka tabbata igamarku na da rai, kai da yaran. Ka sa a rubuta hayar da sunanka a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, ka nemi ta shekara biyu ko uku a kan farashi ɗaya, kuma kada ka miƙa ko riyal ɗaya ba rasit. Kuɗin da ka tara, idan gida kake so, ka saya inda za a rubuta sunanka, ko da a Kano ne ko Damagaram.

Hajiya mahaifiyarka kuwa ba bango take kewa ba, mutane take kewa, waɗanda ke ɗaga labule ba sallama su ce a sammusu daddawa. Tsoffin maƙwabtanta suna nan a warwatse cikin gari. Ka nemo lambobinsu, ka ware yammacin Juma'a ka riƙa kai ta wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce ta tuƙa tuwo ta aika wa matar Bayamanen nan ta ƙasa da kwano guda. A gaishe mini da ita.