Kyamarar ESP32-CAM tana shanye batir kuma tana ta kashe kanta, ina matsalar take?

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na haɗa ESP32-CAM a ɗakin kajin babana, tana ɗaukar hoto duk bayan minti 10 ta turo min ta Telegram. Batirin 18650 na sa mata amma ko kwana ɗaya ba ya kaiwa, kuma wani lokacin sai ta yi ta mutuwa tana tashi tana rubuta "Brownout detector was triggered". Wani abokina ya ce in kashe brownout ɗin a cikin kod kawai a huta. In yi hakan?

Wa alaikumussalam ƙanena, Allah ya yi albarka, wallahi irin wannan aikin yana faranta min rai. Amma kar ka kashe shi. Wannan saƙon na brownout, allon ESP32-CAM ɗin ne yake gaya maka wuta ta faɗi ƙasa da abin da zai iya aiki da shi, in ka toshe masa baki wutar ba za ta ƙaru ba, illa dai ya ci gaba da aiki a galabaice, hoto ya fito da layi-layi ko katin memori ya lalace.

Abin da ke faruwa shi ne, kod ɗin da yawancin mutane ke kwafowa yana tayar da komai a lokaci guda, ya kira esp_camera_init() ya kuma kunna Wi-Fi nan take, ga fitilar filas da ke kan ƙafar allon mai suna GPIO4. Takardar bayanin allon daga kamfanin AI-Thinker da ke ƙera shi ta ce yana jan kusan 180mA ba filas, da filas kuma ya kai 310mA, toh ka ga in wayar USB ɗinka siririya ce irin mai arha, ko kana ba shi wuta ta ƙafar 3.3V ta FTDI, na'urar da ake loda masa kod da ita, dole ya durƙushe. Kamar ka kunna firij da injin ruwa da ayan tare a kan ƙaramin janareto ne, kowa ya san ƙarar da yake yi kafin ya mutu.

Ita kanta kyamarar, OV2640 ta kamfanin OmniVision, ba a tashinta da garaje. Tana buƙatar wuta kala biyu a wannan allon, 2.8V da 1.2V, sai sun daidaita sannan a ba ta bugun agogo ta XCLK wanda galibi ake sa wa 20MHz, a ɗan jira, sannan direba, wato kod ɗin da ke sarrafa ta, ya yi mata magana ta layin SCCB ya tambaye ta lambarta don ya tabbatar wace ce, sai ya loda mata saituna. Ko a Linux haka ake yi, direban wata kyamara mai suna OV5640 yana kunna ta ya karanta lambarta, in ba mai amfani da ita ya mayar da ita barci har sai an nemi hoto. Wannan ɗabi'ar nake so ka ɗauka.

Ga yadda zan tsara in ni ne. Allon ya farka, ka tayar da kyamara ita kaɗai, Wi-Fi a kashe. Ka ɗauki hoto uku ko huɗu ka zubar, saboda na farko-farko sukan fito da duhu ko kore-kore tunda ba ta gama auna haske ba, na sha ganin mutane suna cewa kyamararsu ta lalace alhali wannan ne kawai. Ka kwafe mai kyaun a PSRAM, wato ƙarin memorin da ke kan allon, ka kira esp_camera_deinit(), ka ɗaga GPIO32 sama domin shi ke yanke mata wuta, sai a lokacin ka kunna Wi-Fi ka tura. Bayan turawa ka sa allon barci mai zurfi (deep sleep), amma kafin nan ka riƙe GPIO32 da GPIO4 da rtc_gpio_hold_en, in ba haka ba za ka ga filas ɗin yana ɗan haske ƙasa-ƙasa cikin dare yana tsotsar batir, kar ka manta ka saki ƙafafun biyu in allon ya farka.

Yi lissafi da kanka, batirin 2500mAh a kan 180mA kusan awa 14 ne, shi ya sa ba ya kwana. A barci allon yana jan kamar 6mA, wato sama-sama sati biyu da rabi, duk da ɗaukar hoto da turawa za su ci nasu kason. Mafi yawan 6mA ɗin ma ba ESP32 ke sha ba, regulato AMS1117 ne mai daidaita wutar allon, in hannunka ya faɗa da sodarin za ka iya canja shi daga baya. Yanzu dai ka ba shi 5V mai ƙarfi da waya gajera mai kauri, ka sa kafasito 470µF tsakanin 5V da GND kusa da allon.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi kuma ta tambaya me ya sa wayarta ke zafi in ta daɗe a kiran bidiyo, ko kyamarar ce ke aiki a ɓoye ko da ta rufe?

Hajiya zafin na lokacin kiran ne, kyamara da sikirin da netwok duk suna aiki tare. Da kin rufe, direban wayar yana yanke wa kyamarar wuta, shi ya sa take ɗan jinkiri in kin sake buɗewa. In wayarki Android 12 ce ko sama da haka, duk manhajar da ta taɓa kyamara za ki ga ɗigon kore a saman sikirin, ki ja shi ƙasa ki danna zai nuna miki sunanta.