Hutu a Cape Town: Wane Kuɗi Za Mu Biya, Wane Za Mu Bari?

Tambaya: Ni da maigidana muna shirin hutun mako guda a Afirka ta Kudu. Kamfanin yawon buɗe ido ya turo mana tsari da ɗan jagora: hawan Tsaunin Table, zagayen gonakin inabi na Stellenbosch da Franschhoek, sai bakin teku. Mu ba ma shan giya. Mu biya duka, ko mu yi gaban kanmu? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, kada ku biya a dunƙule. Ki sa su rarrabe miki kuɗin kowace rana a rubuce. A irin wannan tsari, ranar gonakin inabi yawanci da kuɗin ɗanɗanon giya a ciki. Ki ce a cire shi, a rage muku farashi. Kamfanin da ya ƙi, ki nemi wani.

Amma kada ku fasa zuwa yankin. Stellenbosch, wanda aka kafa a 1679, nisansa da Cape Town kusan kilomita 50 ne, kuma tafiya a ƙasa tsakanin layukan inabi, ga duwatsu sun kewaye kwarin, ta ishe ku abin kallo. Daga Fabrairu zuwa Maris ana tsakiyar tsinkar inabi. Sai dai ki tambaya tun da wuri inda za a ci abincin rana, domin naman alade ba baƙo ba ne a gidajen abincin gonakin.

Inda nake so ku kashe kuɗin ɗan jagora shi ne kan tsaunin. Tsayinsa ya haura mita 1,000, kuma hanyar Platteklip, wadda aka fi bi, matakalar duwatsu ce mai tsauri, awa biyu zuwa uku ana hawa. Hazo kan rufe saman cikin ɗan lokaci, har mutum ya kasa ganin sawun da ya biyo. Akwai motar igiya mai kai mutane sama tun 1929, amma da iska ta yi ƙarfi ake tsayar da ita, don haka kada ku hau da tunanin lalle ita za ta sauko da ku. Ki nemi ganin katin rajistar ɗan jagoran. Dokar ƙasar ta wajabta masa shi. Ku tafi da takalmi mai riƙe ƙasa, rigar sanyi da gorar ruwa, ko da rana ta take.

Bakin teku ba ya buƙatar jagora na musamman. Motar haya ta kwana ɗaya za ta kai ku Cape Point, tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, da Boulders, bakin tekun da ake kallon tsuntsayen penguin.

Ki roƙi a ƙara muku rabin yini a unguwar Bo-Kaap. Can Masallacin Auwal yake, na 1794, mafi daɗewa a ƙasar, kuma abincin halal ba ya wuya. Ku kauce wa Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyi da ruwan sama ne, kuma kada ku biya cikon kuɗi sai biza ta fito.