Awa takwas a Zanzibar: in sayi yawon kamfanin jirgi ko in fita da kaina?

Salamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin duk sun taru kan jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin wanda ke kwana yana tafiya, gari ya waye ya tsaya a wata tasha a ce ku fita ku sha iska ku dawo kafin yamma. Mutum uku sun tambayi Zanzibar, toh ita za mu ɗauka.

Wata Hajiya daga Kano ta ce: "Ni da maigida mun biya kuɗin jirgi, zai tsaya Zanzibar daga safe zuwa biyar na yamma. Kamfanin na sayar da nasa yawon amma wallahi tsada, wani kuma ya ce mu sauka kawai mu nemi tasi, ya fi araha. Wanne za mu yi?"

Hajiya, wanda ya ce miki tasi ya fi araha bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya miki abin da kuɗin kamfanin ke saya ba. In kina cikin motar yawon da jirgi ya shirya kuka makara a hanya, jirgin zai jira ku ko kamfanin ya san yadda zai kai ku tasha ta gaba. In kuwa tasin ganin dama kika hau taya ta fashe, jirgi zai busa ƙaho ya tafi, ki tsaya bakin ruwa kina kallon akwatinki na tafiya ba ke, sannan tikitin jirgin sama da otal duk daga aljihun Alhaji. Don haka ni abin da nake dubawa nisa ne. Tsohon garin, wanda Turawa ke kira Stone Town su kuma masu gari Mji Mkongwe, yana manne da tashar, da ƙafa ake shiga, wannan ba sai kin biya kamfani ba, ki samu ɗan jagora mai katin shaida a wuyansa ku yi ciniki kafin ku ɗaga ƙafa, shikenan. Amma dajin Jozani mai jajayen birai kusan kilomita 35 ne, Nungwi mai farin yashin nan da kike gani a Instagram kuma can ƙarshen arewacin tsibirin take, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, waɗannan in dai zuciyarki ta nace toh ki biya na kamfani.

Kuma biyar ɗin da aka ce miki lokacin tashi ne, ana rufe shiga kafin nan, yawanci da rabin awa. Manyan jirage sau da yawa can cikin ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage ke jigilar mutane zuwa gaɓa, na ƙarshensu kan tashi da wuri kuma layi ake yi. Ki ɗauki hoton takardar shirin ranar, a ciki akwai lokacin rufe shiga da kuma lambar wakilin jirgin a tashar. Agogon jirgi za ki bi, domin waya kan sauya lokaci da kanta, Zanzibar ta riga Najeriya da awa biyu.

Ga wani abu da ya fi duk wannan kama mutane. Masu Suwahili suna fara ƙirgen awa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja wato ƙarfe ɗaya a wurinsu, huɗu na yamma kuma saa kumi wato goma. Kin ga in kika yi alƙawari da direba da baki kawai, ana iya samun tazarar awa shida tsakanin abin da kika faɗa da abin da ya ji. Ki nuna masa a fuskar agogo, ki sa shi ya maimaita.

Ni da nice ke, tsohon garin zan tsaya, ya ishi wuni. Tun 2000 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, akwai Beit al-Ajaib, gidan sarauta na Sarki Barghash tun 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, sai cocin da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, nan ɗin ki shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ko da jikinki zai yi sanyi. Lungunan ƙanana ne masu murɗiya kamar cikin birni, ga ƙofofi masu sassaƙa, ga kiran salla ta ko'ina, ba za ki ji baƙunta sosai ba, har kalmomi za ki riƙa tsinta, sukari, dunia, habari.

Wani Malam daga Maraɗi ya ce: "Tunda awa kaɗan za mu yi, ai ba ruwanmu da biza ko?"

Malam, kar ka yi wannan lissafin. Zanzibar cikin Tanzaniya take, kuma masu fasfon Nijar da Najeriya da Chadi suna cikin waɗanda ba a buga musu biza a bakin shiga, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, abin kan ɗauki makonni. Ka rubuta wa kamfanin jirgin, ka faɗi fasfon da kake riƙe da shi, su amsa maka a rubuce kafin ka biya cikon kuɗi, domin akwai kamfanin da zai hana ka hawa tun farko in takardunka ba su cika ba. Ka haɗa da maganar inshorar dala 44 da Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024, su gaya maka ko tana cikin kuɗin da ka biya. Katin rigakafin shawara kuma ya zauna cikin fasfo.

Sai wata amarya da ta ce: "Ana cewa akwai 'yan damfara, gaskiya ne? Kuma wace tsaraba ce ta cancanci kuɗina?"

Amarya, ba wani abin tashin hankali, yawanci naci ne. Kina fitowa daga tasha samari za su yo kanki, wannan ya ce tasi wancan ya ce zai kai ki gonar kayan ƙamshi, 'yan garin papasi suke ce musu, wato kaska, kin ji suna. Ki ce hapana, asante, wato a'a, na gode, ki ci gaba da tafiya, kar ki tsaya bayani. Gwal ɗin lefe ki bar shi a akwatin ajiyar ɗakinki na jirgi, jaka ki rataya ta gaba musamman a kasuwar Darajani inda ake cunkoso, kuɗi ki raba biyu. Ki canza 'yan shilin don ƙananan sayayya, in dala za ki canza ki zo da sababbi, tsofaffi da masu yagewa ana ƙin karɓa. Maganar sutura ba sai na gaya miki ba, garin Musulmi ne, mayafinki ya wadatar, su ma haka suke.

In angon ya ce sai kun je tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, kusan rabin awa ne a kwale-kwale, ku tafi da safe, ku ga rigar ceto mai hana nutsewa da idonku kafin ku shiga, kuma kar ku biya duka kuɗin sai ya dawo da ku.

Tsaraba kuwa kanumfari, shi ne abin da aka san tsibirin da shi, sai kirfa da masoro, ki saya a Darajani ki shinshina kafin a ƙulla miki, ki guji waɗanda aka jera cikin kwalliya don baƙi, kuɗin kwando kike biya. Zanen kanga ma ya yi, amma kowanne akwai karin magana rubuce a bakinsa, ki sa a fassara miki kafin ki kai wa uwar miji habaici ba ki sani ba. Dutsen tanzanait na gefen titi ki bar musu kayansu, haka duk abin da aka ce hauren giwa ne ko ƙoƙon kunkuru, kwastan za su iya tsare ki a kansa. Kasuwar abincin Forodhani da kike gani a bidiyo sai rana ta faɗi take ci, in jirginku biyar zai tashi ba za ki same ta ba, ki nemi miyar urojo da rana a inda kika ga 'yan gari sun yi layi, ruwa kuma na gora wanda ke kika buɗe murfinsa.