Tambaya da Amsa: Zama a Gefen Mai Koyon Tuƙi a Titunan Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 20 ya shiga makarantar koyon tuƙi, amma lokacin da suke ba shi a kan sitiyari kaɗan ne. Ina so in riƙa fita da shi a motata don hannunsa ya faɗa. Motar mai kuloci ce. Ta ina zan fara? Daga wani magidanci a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya bar zumunci. Kafin ka miƙa masa makulli, a gyara takardu. Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ya tuƙa mota ba, to ƙanenka ya tsallake wannan. Saura takardar izinin koyo daga ofishin lasin, da alamar L ja a kan fari, ɗaya a gaban mota ɗaya a baya, da inshorar da ba ta ƙare ba. Kai da za ka zauna a gefensa, lasinka ya zama mai aiki kuma yana aljihunka, domin idan 'yan KAROTA ko jami'an FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, suka tsayar da ku, kai za su fara tambaya. Kada kuma ya bar makarantar don ya samu motar gida. Sabon direba ba ya samun lasin sai da shaidar makarantar da FRSC ta amince da ita, sannan jami'an VIO masu duba lafiyar motoci su gwada shi.

Abin da ya kamata ka riƙe a ranka shi ne, motar koyarwa da aka shirya yadda ya dace tana da birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, taka ba ta da shi. Saboda haka kariyarka tana cikin wurin da ka zaɓa, da lokacin da kuka fita, da yin magana da wuri. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato iyakar gudun cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan sai kun iso kwana za ka ce "shiga dama", ka makara, kuma firgita shi kawai za ka yi. Ka faɗi wurin tukuna, sannan abin yi: "Idan mun wuce gidan man can, za mu shiga dama. Duba madubi, sa sigina, rage gudu."

Kwanakin farko a fili za ku yi su, shimfiɗaɗɗe, babu yara masu ƙwallo, babu awaki. Aikin kuloci ne zai ci muku lokaci, kuma ya cancanci ya ci. Ya ja birkin hannu, ya danne kuloci har ƙasa, ya sa giya ɗaya, sannan ya riƙa ɗago ƙafar hagu a hankali. Akwai inda ƙarar injin za ta ɗan sauka, motar ta yi kamar tana son miƙewa. Nan ne kuloci ya kama. Ya tsayar da ƙafar a wurin, ya sauke birkin hannu, ya taɓa totur kaɗan, sai motar ta fara gangarawa sannan ya ƙarasa sakin kulocin. Dalilin da mota ke yin tsalle ta mutu a hannun sabon shiga shi ne, injin yana juyawa a silo, sai a ɗora masa nauyin da ya haura tan ɗaya farat ɗaya. Ku maimaita tashi da tsayawa sau goma sha biyar ko ashirin kafin ma a yi zancen giya biyu. Ka kuma sa ido a ƙafarsa ta hagu: idan ya gama canza giya ya sauke ta ƙasa gaba ɗaya. Jingina ƙafa a kan kuloci yana cinye faifan, kuma idan ka ji ƙauri kamar na ƙonannen roba, ku tsaya motar ta huce.

Daga fili sai layukan da ba cunkoso. Safiyar Lahadi titunan cikin Nassarawa GRA da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa sun fi sauƙi. Bayan nan a shiga titi mai danja, sannan shataletale, inda zai koyi ba wa wanda ke tahowa daga hagunsa hanya. Sabon Gari, Kantin Kwari, Singa da titin Katsina wajen Kurna a bar su sai ƙarshe, haka ma Eastern Bypass saboda tireloli. A guji lokacin tashin 'yan makaranta da sakkowa daga masallacin Juma'a. Minti 30 zuwa 45 sun isa a fita ɗaya. Da ya wuce haka ƙafa ta gaji, hankali ya rabu, sai ka ga yana maimaita kuskuren da ya riga ya bari.

A Kano kuwa, babban malaminsa shi ne Adaidaita Sahu. Mai Adaidaita yana tsayawa a duk inda aka ɗaga masa hannu, sau da yawa ba sigina. Ka koya masa ya riƙa kallon bakin titi, ba bayan keken kaɗai ba: idan ya hango mata tsaye da kaya a gaba, keken da ke gabansa zai tsaya. Ya bar tazarar daƙiƙa uku. Idan na gaba ya wuce wata falwaya, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin shi ya iso ta. Lokacin ruwa ko hazon hunturu a ninka.

Idan abu ya ɓaci fa? Kalma ɗaya za ka faɗa da ƙarfi: "Birki!" Idan ya rikice, ka kama sitiyari da hannun hagu ka daidaita, ka ja birkin hannu a hankali, yatsanka a kan maɓallinsa. Fizgarsa da ƙarfi ana cikin gudu yana kulle tayoyin baya, motar ta juya. Kada ka kashe makulli mota na tafiya, domin sitiyari zai yi nauyi ko ya kulle, birki ma ya yi tauri.

Tambaya: Maigidana ne ke koya mini da motarsa otomatik. Sau biyu ina taka totur a maimakon birki, shi kuma sai ya hau faɗa, har na fara tsoron shiga motar. Daga wata baiwar Allah a Hotoro.

Amsa: Hajiya, wannan kuskure yana da gyara, kuma gyaran yana ƙafa. Da farko ki matso da kujera yadda za ki danne birki har ƙasa gwiwarki na ɗan lanƙwashe. Ƙafar dama kaɗai ake tuƙa otomatik da ita, ta hagu ta huta. Ki kafa dunduniya a ƙasa daidai saitin birki, ki riƙa karkata kan ƙafar zuwa totur ki dawo, ba tare da ɗaga dunduniyar ba. Ki yi haka sau talatin mota na kashe kafin kowace fita. Duk lokacin da ba kya ba ta wuta, ƙafar ta koma kan birki ta jira. Wajen fakin da ribas da shiga gida ma ba kya bukatar totur, domin motar tana rarrafawa da kanta idan tana D ko R, da birki za ki riƙa lallaɓa ta. Ki sa takalmi shafaffe mai kama ƙafa, ban da silifas, ki kuma tattare bakin hijabi ko abaya kada ya naɗe feda ko ya rufe miki gefen ido.

Maigida kuma, Alhaji, tsawa ce ke sa ƙafar mai koyo ta danne duk abin da take kai. Idan an yi kuskure a samu wuri a faka, a yi bayani mota na tsaye. Kada a ɗauki yara ko baƙi a baya masu sa baki. Idan haƙurin ya gagara, ba laifi ba ne a bar wa yayanta ko malamar makaranta fitar, kai ka ɗauki nauyin mai.

Tambaya: Ɗana mai shekara 15 ya iya juya mota a cikin layi. Zan iya barinsa ya riƙa zuwa aike kusa? Daga wani mahaifi a Rijiyar Zaki.

Amsa: A'a, Malam. Shekarunsa ba su kai ba, ko da kana gefensa. Layin unguwa ma ya fi titi haɗari ga irinsa, domin nan ne ƙananan yara ke fitowa da gudu daga zaure, kuma idan tsautsayi ya faɗa, kai mai motar za a nema. Ka ɗauke makullin daga inda hannunsa ke kaiwa. Idan yana da sha'awar mota, ka sa shi duba ruwan lagireto da baƙin mai da iskar taya kowace safiya, ka zaunar da shi a gaba da bel yana karanta maka alamomin hanya har shekara ukun su cika.